Shukar da Theresa Ta Hana Barci

Ranar da aka fara jifan, Theresa tana durƙushe a bakin murhu tana tuƙa tuwon masara. Rana ta riga ta faɗa bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, saura ɗan ja-ja a kan rufin maƙwabta. Yamma ce irin ta kullum a Kafanchan. 'Yan acaba suna komawa gida, wata mata a ƙasan layi tana zagin akuyarta, 'yan kwaya, mawaƙan coci, sun maƙale a baiti ɗaya suna ta maimaita shi. Fitilar sola da Theresa ta rataya a tagar falo ta kama da kanta, yadda ta saba da zarar duhu ya soma sauka. Haskenta bai gama zama ba, dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin.

Ba ƙaton dutse ba ne. Ya buga, ya gangaro a hankali, ya faɗi gaban ƙofa. Theresa ta miƙe da muciya a hannu, ta leƙa bayan katanga, ta wanke mai jifan tas har da wanda ya haife shi, amma babu kowa a lungun sai wata kaza. Ta dawo ta tsugunna, na biyu ya sauka. Na uku bai ma bi ta kan rufi ba. Daga cikin falo ya taso, ɗakin da babu kowa, ya doki ƙarfen taga dab da fitilar, ya faɗo tsakar gida yana jujjuyawa. Da ta ɗauka sai ta ji shi da sanyi da laima kamar yanzu aka tsamo shi daga rafi, alhali rabon garin da ruwan sama tun Oktoba.

"Dinah!" ta ƙwala wa 'yarta kira. "Dinah, fito ki ga ikon Allah."

Shiru. Dinah shekararta ashirin da shida, malamar firamare ce, kuma ba ta taɓa barin uwarta ta kira sau biyu ba. Theresa ta same ta a ɗaki kwance da kayan da ta je makaranta da su, takalmi ɗaya a ƙafa, tana barci irin na wanda ya yi tafiyar kwana uku a ƙasa. Ta girgiza ta. Ta yayyafa mata ruwa. Da ƙyar ido ɗaya ya buɗe rabi, ya kalle ta kamar bai san ta ba, ya koma ya rufe. Tuwon nan a tukunya ya sandare.

A ƙarƙashin tagar da aka jefa akwai tebur, a kan teburin akwai akwatin gilashi mai murfi, girmansa bai wuce kwalin taliya ba. Marigayi Eli, mijin Theresa, tsohon makanikin reluwe, shi ya harhaɗa shi da gilasan tsohuwar taga. Cikinsa wankakken yashi ne da gansakuka, da wani baƙin dutse mai ramuka-ramuka da Eli ya ɗauko daga bayan garinsu, Fadan Kaje. A kan dutsen nan wata shuka take zaune.

Ba ta da girma. Ganyenta a shimfiɗe suke kamar buɗaɗɗen tafin hannu, kore mai haske, suna ƙyalli kamar an shafa musu man shanu, shi ya sa a gidan ake ce mata Mai-maiƙo. Maiƙon nan tarko ne. 'Yan ƙananan ƙwarin da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, da zarar ɗaya ya sauka a kai ya sauka ke nan. Zai yi ta mutsu-mutsu har ya gaji, gefen ganyen ya ɗan lanƙwaso, bayan kwana biyu sai ɓawo. Sau ɗaya a shekara takan miƙo siririn kara ta ɗora fure ɗaya mai ruwan shunayya, kamar ba ita ce ta cinye rayuka ɗari ba.

Sista Emilia ce ta ba ta. Tsohuwar 'yar ƙasar Meziko ce, Theresa ta yi shekara ashirin a ƙarƙashinta a ƙaramin asibitin mishan tana wanke gyambo da kwanonin allura. Ranar da Sista za ta koma ƙasarsu ta miƙa mata shukar a cikin gwangwanin madara, ta ja mata kunne. Ruwan sama kawai za a ba ta, domin na rijiya da na leda gishirinsu yana ƙona mata saiwa. Kada a sa mata taki ko ƙanƙane. In sanyi ya shigo kuma za ta ƙanƙance, maiƙon ya ɗauke, ta daina cin komai, ta dunƙule kamar maɓallin riga. "A lokacin nan, Theresa, ki ɗauke hannunki. Ba mutuwa take yi ba, barci take. Ki ɗaga murfin, ki bar ta ta bushe, ki manta da ita sai damina."

Shekara takwas Theresa tana bin wannan doka, ba ta taɓa karya ta ba. Tana da jarka shida na ruwan sama a bayan ƙofa, wanda ko baƙon da ya zo da ƙishirwa daga Kagarko bai isa a ɗebar masa ba.

Sai Eli ya kwanta a daminar da ta wuce. Mutumin da ke ɗaga ƙarfen dogo da hannu ɗaya ya yi ta ƙanƙancewa a kan gado, ya bar tuwo, ya bar kunu, har ruwa sai an lallaɓa. Likita ya ce a kai shi gida a bar shi ya huta. Wata ranar Alhamis da rana ya ce mata, "Maman Dinah, bar ni in ɗan runtsa." Ta ja masa ƙofa, ta fita tsakar gida ta tsince wake kwano guda cikin natsuwa. Da ta koma, ya yi sanyi.

To, a Nuwamba Mai-maiƙo ta soma dunƙulewa kamar yadda take yi duk shekara. Theresa ta tsaya a kanta, ta ga ganye yana ja da baya, maiƙo yana ɗaukewa, ƙwaro ya sauka ya yi yawonsa ya tashi lafiya lau. Ta san dokar Sista sarai, ba mantawa ta yi ba. Hannunta ne ya ƙi. Ta buɗe jarka ta zuba ruwa. Washegari ta ƙara. Ta rufe murfin ruf don laima ta zauna. Ta jefa ɓawon ayaba a ciki ƙwari suka hayayyafa. Ta je kasuwa ta sayo fitilar sola ta rataya a kanta, don kada shukar ta ga duhu ta ce lokacin kwanciya ya yi. Kowace safiya sai ta sa tsinken ashana ta ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya ta leƙa ƙarƙashi. Shukar ta rasa yadda za ta yi, ta tsaya tsaka-tsaki, ba ta dunƙule ba, ba ta buɗe ba, gindinta ya soma yin ruwan ƙasa.

Jifa bai tsaya a ranar farko ba. Kowace yamma, fitila na kamawa dutse na sauka, wata rana uku, wata rana bakwai, dukkansu jiƙaƙƙu. Barcin Dinah kuma ya yi ta tsawo. Da farko tana dawowa makaranta take zubewa. Daga baya hedimasta ya aiko a ɗauke ta, an same ta a gaban allo da alli a hannu, tsaye, ido a rufe, yara sun yi tsit suna kallonta. Cikin mako biyu ta koma sai an ɗago ta an ɗura mata kunu. Asibiti suka ɗebi jini sau biyu, suka ce ba maleriya, ba taifot, ba komai, suka rubuta maganin ƙarin jini don kada a fita hannu biyu.

Abin da ya tsinka wa Theresa zuciya shi ne hannuwan. Dinah takan kwanta rigingine, tafukanta a buɗe a kan katifa, wani gumi mai danƙo yana tsattsafowa a kansu. 'Yan ƙwarin ayaban nan sukan biyo shi su maƙale. Sai yatsun su soma lanƙwasowa a hankali, a hankali, har su rufe. Theresa ta goge da tsumma, bayan awa ɗaya ya dawo.

Zumuntar mata suka zo su goma sha biyu da tulu da caki, suka yi waƙa da addu'a tun la'asar har muryoyinsu suka dushe. Fada ya zo ya yayyafa ruwa mai tsarki a kowane lungu, duwatsun suka yi ladabi suka jira motarsa ta sha kwana. Daga nan sai masu ba da shawara, waɗanda ba su taɓa warkar da ko ciwon kai ba amma kowa likita ne a gidan wani. Shugabarsu Hellen, maƙwabciya, wadda tun ranar da ta ga ƙwaro a kan ganyen nan take tofar da yawu in ta wuce tagar.

"Maman Dinah, ni na faɗa maka tun tuni," in ji Hellen daga bakin ƙofa, ba ta yarda ta shigo ba. "Ganye da yana cin nama? Wannan ai maye ne a cikin gilas. Ya gama da Baban Dinah, yanzu ya kama yarinya. Kawo taɓarya mu fasa shi, wahala ya ƙare."

"Shekara tara tana gidan nan, ƙwaro nawa kika ji ya kai ƙara?" Theresa ta ce. "Ke da kike cin naman mutane da baki safe da yamma, wa ya ɗauko miki taɓarya?"

Hellen ta tafi tana cewa an zage ta. Theresa ta koma ta zauna a gefen gadon 'yarta. Bakinta ne kawai ke da sauran ƙarfi, jikin ya gama. Rabonta da barcin kirki tun kafin Eli ya rasu. Yanzu kuma abu biyu take gadi, tana tashi daga kan 'ya ta koma kan shuka, daga kan shuka ta dawo kan 'ya, duk minti kaɗan sai ta girgiza kafaɗar Dinah don ta tabbata tana numfashi. A ranar ne, magariba na kawo kai, ta fara jin muryar. Daga bakin Dinah ta fito, amma ta tsoho ce tukuf, irin nishin da dattijo ke yi in yana juyi a kan tabarma.

"Wash. Na gaji."

Theresa ta ja da baya har ta bugi bango. Ta ce, "Yesu."

Washegari ta aika garin Kwoi a ɗauko Baba Gershon. Tsohon katikis ne, malamin addini na coci, da ya yi ritaya, ya karanta Littafi Mai Tsarki har bangon ya rabu da shi, kuma mahaifinsa boka ne tun kafin zuwan mishan, don haka ya san abubuwan da ba a koyarwa a makarantar katikis. Ya iso bayan la'asar a bayan mashin, sai da mutum biyu suka sauke shi saboda gwiwa. Bai zo da turare ba, bai zo da ihu ba. Ya nemi kujera mai jingina, ya sha ruwa, ya sa aka kori 'yan kallo. Ya duba idon Dinah, ya shinshina tafin hannunta. Sannan ya sa aka kai shi falo, ya daɗe a gaban akwatin gilashin, yana kallon raɓar da ke gangarowa a jikinsa da ƙwarin da ke yawo a ciki.

"'Yata, wannan fitilar yaushe kika rataya ta?"

"Nuwamba, Baba."

"Ana kashe ta?"

"Ba a kashewa."

"Mhm." Ya ce a ɗauko Dinah a kwantar da ita a doguwar kujera, a bar fitilar ta kama.

Suka zauna jira. Hasken tsakar gida ya yi ta janyewa daga bakin ƙofa, kaji suka hau kan itacen mangwaro, unguwar ta yi irin shirun nan da take yi kafin a fara kunna janareto. Fitila ta kama. Dutse ya doki kwano. Baba Gershon ya buɗe littafinsa ya karanta Zabura guda da murya ƙasa-ƙasa, bai yi sauri ba, ya rufe, ya ɗora tafinsa a goshin Dinah.

"A cikin sunan Yesu, wanda ke ciki ya yi magana. Wane ne kai?"

Leɓen Dinah ya motsa, idonta a rufe. "Baƙo."

"Baƙo ba ya jifan masu gida."

"Shekara tara ina gidan nan," in ji muryar, tana jan kowace kalma kamar kaya. "Ko cokali na taɓa kayarwa? Tambaye ta."

Theresa ta damƙe cazbinta. Baba Gershon bai waiwaye ta ba. "Daga ina?"

"Daga dutsen bayan Fadan Kaje. Mutumin nan mai warin baƙin mai ya ɓallo ɗakina ya sa a buhu, ina ciki ina barci. Na farka na gan ni a gilashi. Na duba, ga laima, ga shiru, babu mai fasa dutse. Na ce to, ba laifi. Damina shukar tana cin ƙwarinta, ni ina shaƙar raɓa, ba mai shiga harkar wani. Sanyi ya shigo, ta dunƙule, ni ma in dunƙule a ramina, wata huɗu ko biyar. Wannan barcin shi ne abincina, tsoho. Ba na shan jini, ba na son kaza. Barci kawai."

"Bana fa?"

Muryar ta yi wani dogon nishi. "Bana matar nan ta rantse ba za a runtsa ba. Ruwa da safe, ruwa da yamma, ramina ya zama fadama. Ƙwari suna min kuka a kunne. Rana ta faɗi, ta kunna wata. Gari ya waye, ga tsinke. Na yi haƙuri wata biyu. Na ce bari in jefi fitilar ko ta gane, hannuna ma rawa yake, ban taɓa samunta ba."

"Yarinyar me ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Wuri na nema. Na shiga tukunya, aka wanke. Na shiga ƙarƙashin gado, tana share shi sau biyu a rana. Duk gidan nan yarinyar ce kawai in ta rufe ido ake samun duhu da shiru a cikinta. Na shiga na kwanta. Hannun nan nata kuwa, shekara tara ina kallon maƙwabciyata, jiki ya saba, ba da gangan ba ne. To ko a nan an bar ni? Girgiza, ruwan sanyi, allura, mata goma sha biyu da tulu. Tsoho, ka taɓa yin wata uku ba ka runtsa ba?"

"Na yi jinyar matata," in ji Baba Gershon. "Amma ban shiga jikin 'yar kowa ba. Za ka fita yau, ka koma dutsenku."

"Wane dutse? Sun fasa shi tun shekara biyar, sun loda a tifa. Yana can a gindin benen wani a Abuja. Ka bar min yarinyar zuwa damina, ba zan taɓa ta ba, kunu kawai za a riƙa ɗura mata."

"A'a."

"Wata ɗaya."

"Ko dare ɗaya ba za ka ƙara ba. Tana da ajin da ke jiranta, tana da uwa. Na iya korar ka da ƙarfi, ka sani, ni ma na sani. Amma gwiwata tana ciwo, kai ma ka gaji, yarinyar kuma ita za ta sha wuyar kokawar. Faɗi abin da zai yiwu."

Sannan muryar ta ce, "Ɗakina. A ɗaga murfi ya bushe. A cire ayabar. Ba fitila, hasken taga ya isa. Ba ruwa, ba tsinke, ba leƙe. Hannun matar nan kada ya kusanci wurin har sai ruwan farko ya sauka, ba yayyafi ba, wanda zai gudana a indararo."

"Ranar nan kuma ka bar gidan," in ji Baba Gershon. "Za a ɗora dutsen a ƙarƙashin indararo, ka bi ruwan, inda ya kai ka nan ne naka. Gidan Kirista ba masauki ba ne."

"In na ƙoshi da barci, ko ina ma na je. Na yarda. Amma ta ji da kunnenta: ranar da ta taɓa wurin nan kafin ruwa, zan dawo cikin yarinyar. Wannan karon ba zan tashi ba, ita ma ba za ta tashi ba."

Sai a lokacin Theresa ta sami bakinta. Ba Baba Gershon ta kalla ba, fuskar 'yarta ta kalla. "Gindinta ya soma ruɓewa. In na bar ta wata uku ba na gani, ta mutu fa?"

"Ruwanki ne ya ruɓar da ita," in ji muryar. "Ko ta tashi ko kada ta tashi, ban sani ba, ni ba mai shuka ba ne. Mutumin naki kuwa, ina nan ranar. Ba barci ne ya kashe shi ba. Da kin tsaya a kansa da fitila goma, da ya tafi yana kallonki."

Theresa ta zame daga kan kujera ta zauna a ƙasa. Baba Gershon ya ce mata a hankali, "Ni ba na karɓar shaida daga bakin irinsu, 'yata. Amma wannan kam likita ya riga shi faɗa miki. Tashi. Da hannunki za ki yi."

Ta tashi. Ta kashe fitilar, ta sauko da ita daga ƙusa. Ta ɗaga murfin, warin ruɓaɓɓiyar ayaba ya bugo ta, ta kwashe ɓawon, ta karkata akwatin ruwan da ya kwanta a ƙasansa ya tsiyaye. Baba Gershon ya yi addu'a gajeriya, ya ce, "Hanya a buɗe take. Fita." Bakin Dinah ya buɗe da wata hamma mai tsawo, ta yi ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba, har jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Gilashin ya yi fari fat daga ciki kamar an hura masa numfashi, sannan ya washe. Dinah ta yi atishawa sau ɗaya, ta buɗe ido biyu.

"Mama, me ya sa kuke zaune a duhu? Sannu, Baba. Yunwa nake ji."

A yammar nan aka kai akwatin sito, ɗan ɗakin da ke bayan kicin mai ƙaramar taga a sama, aka ɗora shi a kan buhun masara, aka sa kwaɗo. Baba Gershon ya miƙa wa Theresa makullin. Ta ce ya tafi da shi Kwoi. Ya ce a'a, da ita aka yi sharaɗi, ba da shi ba, kuma shi ba shi da tabbacin zai kai damina. Ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Jifa ya ɗauke. Dinah ta yi kwana huɗu tana ci kamar fara, a na biyar ta koma makaranta. Hellen ta bi unguwa tana cewa ai shawararta aka bi. Theresa ba ta ma tanka ba, abin da ya ba Hellen tsoro fiye da duwatsun.

Gidan ya yi faɗi. In Dinah ta fita da safe, Theresa ta yi shara, ta wanke kwanoni biyun da suka ɓata, shi ke nan aiki ya ƙare, rana ko tsaka ba ta yi ba. Sai ta zauna tana jin makullin yana taɓa mata cinya. Takan ga gindin nan mai ruwan ƙasa a idonta. Ko ya bushe? Ko ruɓar ta haura? Ko ɓera ya shiga ya tone yashin? Leƙe ɗaya ta ramin ƙofa ai ba taɓawa ba ne. Sai ta tuna an ce ba leƙe, ta tashi ta sake share inda ta share.

A kwana na goma sha ɗaya, da azahar, ta tsinci kanta a bakin sito. Ba ta tuna lokacin da ta taso ba. Kofin ruwan sama yana hannunta na hagu, cike, makulli yana cikin kwaɗo, yatsunta a kansa, saura murɗawa. A bayanta ƙofar gida ta buɗe. Dinah ce ta dawo daga makaranta da jakar littattafan yara a kafaɗa, ta tsaya a tsakar gida, ta sa hannu a baki ta yi hamma.

Wataƙila hammar gajiya ce kawai, ta wadda ta wuni tana fama da yara arba'in. Theresa ba ta tsaya tantancewa ba. Ta zare makullin a hankali, kamar mai cire ƙaya. Ta kalle shi, ta kalli hannun da ke riƙe da shi. Shekara hamsin da tara tana tare da hannun nan, ta san shi. Yau ya tsaya, gobe ko jibi ba zai tsaya ba, kuma saura wata biyu da rabi kafin hadari. Ta ajiye kofin a ƙasa, ta wuce Dinah, ta nufi bayan gida, ta ɗaga murfin salga ta saki makullin. Ko ƙarar faɗuwarsa ba ta ji ba.

"Mama! Shi ke nan fa guda ɗaya."

"In ruwa ya sauka a kira kafinta ya ɓalle kwaɗon."

"In kuma kafin nan ta mutu?"

"Ta mutu. Shiga ki ci abinci, kada ki tsaya min a ka."

Dinah ta shiga. Theresa ta kifa turmi a inuwar mangwaro ta zauna a kai. Ta ɗora hannuwanta biyu a cinya tana kallonsu kamar na wata, ba ta san inda za ta kai su ba daga nan har Afrilu.